Gargaɗi ga Masu Mota a Fagge da Sabon Gari: Kada Ku Bari a Cire Muku Eya Kilina

Duk mai motar da ke bin Titin Ibrahim Taiwo, direban haya ne, ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, ko Hajiya mai kai yara makaranta, ya ɗaga bonet ɗinsa yau, kada ya ce sai gobe. Ya duba baƙin akwatin robar nan da ke gefen inji, wanda makanikai ke kira eya kilina. In ya same shi a rufe ruf, kilif ɗinsa a ɗaure, da filta lafiyayye a ciki, to madalla. In kuwa ya tarar da bakin tiyo a buɗe, ko an ɗaura masa tsumma da roba, ko an tuge akwatin gaba ɗaya an kafa jan filtan nan mai siffar mazurari, to ya sani injinsa yana cin ƙasa, kuma tun ranar da aka yi aikin yake ci.

Masu yin wannan aiki ba iri ɗaya ba ne. Akwai samarin da ƙara suke nema: sun ga a TikTok da YouTube yadda ake cire akwatin, motar ta riƙa gurnani in an taka totur, su ma suna son a waiwayo in sun wuce Bata ko sun hau gadar Sabon Gari. Akwai waɗanda tsadar mai ta kai su. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutumin da ke cikin wannan hali, in makaniki ya ce masa, "Alhaji, motar nan numfashi take nema, a cire mata wannan abin za ka ga sauƙin mai," da wuya ya yi musu. Sai kuma waɗanda a ganina suka fi yawa, su ba su yi niyyar komai ba. Murfin akwatin ne ya tsage, ko kilif ya karye, ko filtan ya toshe motar tana shaƙewa, yaron gareji ya zare shi ya jefar, motar ta tashi garau, aka ce a je a dawo a sa sabo. Ba a dawo ba.

Maganar sauƙin mai ita ce ta fi yaudara, don haka da ita ya kamata a fara. A motar fetur, ƙofar da ke tare iska ita ce farantin da ke cikin maƙogwaron inji, wanda totur ke buɗewa da rufewa. A cunkoson gaban Singa ko kwanar Kwari, inda mota ke rarrafe tsakanin Adaidaita Sahu da masu kura, farantin nan ɗan kaɗan yake buɗewa. Ko da filta ko babu, iskar da ya bari ita kaɗai za ta shiga, kuma birenbos, wato kwamfutar motar, zai auna ta ya ba ta man da ya dace da ita. An gwada wannan. A 2009, cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka ta toshe filtocin motoci da gangan ta auna shan mansu. A motocin zamani masu injekta, ko toshewa mai tsanani ba ta ƙara shan mai yadda za a kula ba, ƙarfin fizga ne kawai ya ragu. Tsohuwar mota mai kafireta, ƙirar 1972, ita ce ta nuna bambanci. To idan toshe filta bai ƙara wa motar zamani mai injekta shan mai ba, ta ina cire shi zai rage? Abin da mai motar ke ji sauyin murya ne. Akwatin yana da ɗakunan da aka yi don su haɗiye ƙarar iska, da aka cire su sai ƙarar ta fito, kunne ya ji gurnani, zuciya ta ce ƙarfi ne.

Ga abin da ake bayarwa a madadin wannan gurnani. Injin fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙona kilo ɗaya na mai. In aka juya lissafin, kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kimanin lita 9,000. Tanki mai cin lita 50, kafin ya ƙare, injin ya zuƙi iskar da za ta cika tankar dakon mai mai lita 33,000 fiye da sau goma sha uku. Kuma iskar Kano ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗebo ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin tafki da masana suka ce babu wuri ɗaya a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Ita ce ke rufe sararin sama har a dakatar da saukar jirage a filin Malam Aminu Kano. A kanta sai a ɗora tamu ta gida: yashin da tirela ke tayarwa wajen sauke kaya, ƙasar da aka yaso daga kwata aka jibge a bakin titi ta bushe, hayaƙin motar da ke gabanka. Ba don ado Buzu yake jan amawali ya rufe hanci ba.

Yawancin ƙurar nan garin yashi ne, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen cikin inji tauri. Tazarar da ke tsakanin fistin da bangon silinda ba ta kai kaurin gashin kai ba, ɗan siririn baƙin mai ne kawai ke raba su, suna gogar juna sau dubbai a minti ɗaya. Da ƙura ta shiga wannan tazara sai ta cakuɗu da man, ta koma abin wasa ƙarfe. Tana cin ringi, tana kankare bangon silinda, tana cin bakin bawul. Wadda ta sulale ƙasa ta bi baƙin mai ta je ta sami metal na karanshaf. Filtan mai zai kama wata, wata ta wuce shi. Motar da ke da tabo, nata ya fi muni, domin fankar tabo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, ƙwayar yashi a wannan gudu sara take yi wa fukafukanta.

Mugun abin shi ne ɓarnar ba ta yin shela. Ranar farko motar lafiya lau, wata na farko ma haka. Sai a fara lura baƙin mai yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Sai shuɗin hayaƙi da safe. Sai filogi ya riƙa jiƙewa da mai, ana canza shi ba ya daɗewa. Sai ƙarfin hawa gada ya tafi. Man da ke ƙonewa a ciki ya je ya toshe indomin salansa, a ce ita ma a fasa ta a cire. Kafin a kai ga "Oga, sai dai a sauke inji a yi ringi," watanni sun shuɗe, babu wanda zai tuna da ranar da aka jefar da filta. Laifin sai ya faɗa kan mai sayar da baƙin mai, ko gidan mai, ko a ce dama motar ta tsufa. Garin neman ƙiba an samo rama. Wanda yake shakka ya je Ƙofar Ruwa ya tambayi kuɗin filta sabo, sannan ya tambayi kuɗin injin Baljiyam, ya kwatanta da kansa.

Masu jan filtan mazurari za su ce ai su ba su bar tiyo a buɗe ba, filta suka sa, na tsere ma kuwa. Gaskiya ne akwai kamfanonin da ke yin irinsa da inganci, da audugar da ake shafa wa mai. Amma a tambayi kai yadda aka yi ya fi na takarda barin iska ta wuce. Ƙofofinsa ne suka fi faɗi, kuma ƙofar da ta bar iska da yawa tana barin ƙura ma. Motar tsere ta amince da wannan ciniki domin ana sauke injinta a sabunta shi a kai a kai, kuma a kan kwalta mai tsabta take gudu. Mu kuwa muna so injin ya kai mu shekara goma. Wannan ma in na asali ne. Yawancin waɗanda ake ratayewa a shagunan kayan ado na mota kwaikwayo ne, ragar waya da ɗan ƙyalle da fenti. Ɗaga shi a rana, za ka ga haske yana ratsowa ta ramuka.

Sannan akwai sansar da ke auna iska, wadda a motoci da yawa, irin su Corolla da Camry, take zaune daf da bakin akwatin. Wata 'yar siririyar waya ce a ciki da ake ɗumama ta da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka birenbos ke gane yawan iskar da ta shiga. An saita ta ne a kan faɗin bututun kamfani da kuma iskar da akwatin ya riga ya daidaita mata tafiya. In aka sauya bututun, ko ƙura ta lulluɓe wayar, ko man jan filta ya shafe ta, sai ta fara ba da labarin ƙarya. Mai ya yi yawa, motar ta riƙa baƙin hayaƙi tana shan fetur fiye da da. Ko ya yi kaɗan, ta riƙa shaƙewa tana zafi tana mutuwa a silo. Fitilar cek ta kama, a kai ta wajen mai kwamfuta ya goge, bayan kwana biyu ta dawo. Kada kuma a manta da ƙananan tiyon da ke manne da babban bututun. Wanda ya tuge akwati yakan bar su a buɗe suna reto, kowanne kuwa ƙofa ce ta ƙura da iskar da ba a auna ba.

Batun zafi gajere ne. Akwatin kamfani yana da hancin da ke ɗebo iska daga gaban mota ko gefen mudgad, wato daga waje. Jan filta kuwa yana zaune a cikin bonet yana shan hucin lagireto da na salansa. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100, ƙarfin inji ya ragu da shi. A watan Afrilu, da Kano ke haura digiri 40 a inuwa, ka tsaya a gosulo da rana tsaka, cikin bonet ya fi haka nesa ba kusa ba. Iska mai zafi tana sa inji ya fara ƙwanƙwasa, birenbos ya ja wuta baya don ya kare shi. Wanda ya biya kuɗi don ƙarin ƙarfi, ragi ya saya.

Wasu da suka gane haka sai suka ce bari su zura bututun ƙasa, bayan bamba, ya sha iska mai sanyi. Nan ne gargaɗin ya fi tsanani, domin ƙura tana kashe inji a hankali, ruwa kuwa nan take. Duk wanda ya san Fagge da Sabon Gari ya san yadda ruwan Agusta ke yi: kwatoci su cika da leda, titi ya koma rafi cikin rabin sa'a. A watan Agusta 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta jiƙa dilolin atamfa da shadda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Ɗauki injin Corolla mai lita 1.8: kowace silinda tana ɗaukar kimanin mililita 450, in fistin ya hau sama ƙarshe, gurbin da ya rage bai fi mililita 50 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na ledar fiya wata. In ruwan da ya fi haka ya shiga silinda ɗaya, fistin zai taho da gudu ya tarar da abin da ba ya ja da baya. Kwanrod ya lanƙwashe, ko ya karye ya fasa bulok ya leƙo waje. Ba sai motar ta nutse ba. Ya isa babbar mota ta wuce ka ta turo igiyar ruwa gaban bambarka. Akwatin kamfani an ɗaga hancinsa sama, an yi masa kwana-kwana, an huda masa 'yar ƙofa a gindi don ruwan da ya fantsamo ya zube kafin ya kai ga filta.

Wanda motarsa ta mutu a cikin ruwa, don Allah kada ya sake murza makulli, kada kuma ya yarda samarin unguwa su tura a ba ta kik. Sau da yawa mutuwar farko ba ta karya komai ba, murzawa ta biyu ce ke karyawa. A tura ta gefe a giyar firi, a buɗe akwatin a taɓa filtan. In a jiƙe yake, a kira makaniki ya kwance filogi duka, ya juya injin ruwan ya feso ta ramukan, a zubar da baƙin mai a sa sabo, sannan a yi maganar tayarwa.

Masu tsofaffin motoci da bas-bas masu kafireta, ku naku haɗarin wuta ne. Inji yakan yi atishawa, harshen wuta ya dawo ta bakin kafireta. Murfin eya kilina ne ke danne wannan wuta ya kashe ta a ciki. In babu shi, ta fito fili a wurin da tiyon fetur yake, in an ɗaura tsumma kuwa an ba ta abin ci. Waɗanda aka juya motarsu zuwa gas na CNG, musamman da na'ura mai araha, su ma su kula, irin wannan atishawar takan fasa akwatin, kuma abin da ya dace a gyara saitin a sayi wani akwatin, ba a ce tunda yana fashewa a bar shi babu ba. Mutanen da suka ga gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba sa buƙatar a bayyana musu abin da wuta ke yi a wurin da shago ke manne da shago, balle mota ta kama a tsakiyar cunkoso inda motar kashe gobara ba ta da hanyar shigowa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne iyayenmu sun san wannan. Tsofaffin Land Rover da Bitil suna da tukunyar mai a eya kilinarsu, iska ta bi ta kan man ƙura ta maƙale, kuma tsohon direba ba ya ƙyale ta ba wanki. Har yau dubi manyan motocin da ke sauke kaya a Singa, ko Land Cruiser da ke ratsa hamada zuwa Agadas: bututun iskarsu a sama yake, wasu da kofin da ke juya iska ya wurgar da yashi kafin ta isa filta. Masu aikin ƙura ƙara kariya suke yi. Mu da muke shan ƙura ɗaya da su, mun koma kwaikwayon yaron da ke tuƙi a garin da ruwan sama ke wanke titi kowane mako.

Ga 'yan Adaidaita Sahu, maganar nan taku ce fiye da kowa. Injin Bajaj da TVS ƙarami ne, a baya yake, ƙasa-ƙasa, daidai inda taya ke tayar da ƙura, kuma yana aiki daga asuba har dare. Wanda ke biyan balas kullum, in ya zare soso don mashin ya ƙara fizga, kafin ya gama biyan kuɗin mashin zai sauke inji. Masu janareto a bakin shaguna, ku ma ku duba naku.

Ku kuma iyayen gidanmu makanikai, na Kwakwaci da na lungunan Sabon Gari, da yawanku kun fi ni sanin duk abin da na faɗa, domin ku ke buɗe injin ku ga bangon silinda ya yi santsi kamar an goge. Amana ce a hannunku. In mai mota ya zo da kansa ya ce a cire, ku gaya masa abin da zai biyo baya kafin ku ɗauki sifana. Ku kuma ja kunnen yaranku a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare: a zare filta a kai wa mai faci ya hura shi da iskar kwamfireso. Iska mai ƙarfi tana yaga takardar, ta bar ƙananan ramukan da ido ba ya gani, filtan ya dawo fes a ido alhali ya gama aiki. Wanke na takarda da ruwa ko fetur ma kashe shi ne. Filtan da ya ɗan yi ƙura ya fi wanda aka huda tsaro nesa, hasali ma ƙurar farko da ta kwanta a kansa tana taimaka masa kama ta baya. In ya toshe, a ɗan bubbuga shi a hankali don a samu a kai gida, sannan a sa sabo.

Wanda aka riga aka cire wa akwati, ya nemi na irin motarsa a wajen masu kayan Baljiyam, har da hancinsa da tiyonsa, kada ya karɓi na wata mota a ce za a yi masa dabara. Ya duba robar bakin filtan ta zauna daidai ko'ina, domin filta mai tsada da bai rufe gefe ba, ƙura ta gefen za ta bi. Ya lanƙwasa babban tiyon ya leƙa cikin ninkinsa, nan yake tsagewa a ɓoye. Ya sa a wanke sansar da maganin da aka yi dominta, ba da fetur ko burushi ba. Ya zubar da baƙin mai da filtansa a ranar, ko da lokacinsu bai yi ba, tunda ƙurar da ta riga ta shiga tana cikinsu. Daga nan, duk juyen mai a leƙa filtan iska, a hunturu kuwa a riƙa leƙawa tsakani. Adadin kilomitar da ke littafin mota na hanyoyi masu tsabta ne, littafin da kansa yana cewa a gaggauta canji a wuri mai ƙura.

Mai shirin sayen mota ta hannu kuma, kafin ya biya, ya sa a kwance babban tiyon daga bayan filta, ya zura yatsa ya shafo cikinsa. Ya kamata yatsan ya fito da tsabta. In ya fito da gari mai ƙaiƙayi, injin ya sha ƙura, ko da dillali ya sa sabon filta da safiyar ranar. Sai a nemi makaniki mai na'urar auna matsin silinda ya gwada dukkansu kafin a ci gaba da ciniki.